Binciken Da Jami'o'inmu Ke Yi Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa: Raba Takardar Tambayoyi Kaɗai Ba Zai Wadatar Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da ƙananan malaman jami'a da ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda suka fara karkata ga bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara masu tasowa, tare da shugabannin sassan da ke duba aikinsu. Fannin ya fara samun masu shiga, musamman tun da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, da kuma bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Madalla da haka. Sai dai yawancin binciken salo ɗaya ne: a je sakandare uku ko huɗu na cikin birni, a raba takardar tambayoyi da Turanci, a tattara cikin rabin awa, a fitar da kaso, a buga a mujallar da ta karɓi kuɗi, a saka a fayil ɗin neman ƙarin girma. Yaron da ya amsa cewa yana tunanin hallaka kansa kuwa, babu wanda ya koma ya neme shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin masu tasowa, kuma ta ce ɗaya cikin bakwai daga cikinsu na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Kusan rabin irin waɗannan larurori da ake gani ga manya sun soma ne tun wajen shekara 14. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, babu ranar da kowane yaro mai ciwon damuwa zai ga likita. Tambayar da ta cancanci mutum ya ƙarar da shekarun aikinsa a kanta ita ce: me malamin aji, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, ko malamin Islamiyya, ko uwa za su iya yi, kuma ta yaya za a tabbatar abin yana aiki?

Ƙofofin shiga suna da yawa. Likita zai bi ta horon ƙwarewa a ɓangaren ƙwaƙwalwa ko na yara ko na lafiyar al'umma, a asibitoci irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, kuma kundin da zai rubuta a matakin ƙarshe shi ne bincikensa na farko na gaske. Wanda ya karanta halayyar ɗan Adam, ko aikin jinya, ko ba da shawara a makarantu, ko zamantakewa, zai shigo ta digiri na biyu. Jami'ar Ibadan tana da Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa da tallafin Gidauniyar MacArthur, kuma tana karɓar mutane daga duk waɗannan fannoni. Ko ta ina mutum ya shigo, abu uku ba su da makawa: ilimin bin diddigin cututtuka a cikin al'umma, ƙididdiga da manhaja irin su R ko Stata ko SPSS, da iya zama da yaro a yi hira mai zurfi a kuma tsara abin da ya faɗa. Wanda ya bar wa wani "mai kwamfuta" lissafinsa ba zai iya kare sakamakonsa a gaban kowa ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ma'aunin kansa. Takardar PHQ-9 ta ciwon damuwa tana da tambaya tara game da mako biyun da suka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma an saba ɗaukar maki 10 a matsayin iyakar da ake fara zargin ciwon. GAD-7 ta fargaba tambaya bakwai ce. SDQ, ta halayyar yara da matsalolinsu, wadda Robert Goodman ya fitar a 1997, tambaya 25 ce, akwai ta iyaye da ta malami da wadda yaro zai cike da kansa daga shekara 11. Dukkansu a Amurka ko Ingila aka gina su. Ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandaren gwamnati a Gumel ko Talatar Mafara ba zai gane Turancinsu ba, sai mataimakin bincike ya tsaya gaban allo yana fassarawa da baki. In mataimakan su biyar ne, to takarda biyar daban-daban aka raba, ko da bugu ɗaya ne.

Hanyar da aka yarda da ita tana cin lokaci. Mutum biyu su fassara zuwa Hausa, kowa shi kaɗai, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya kuma wanda ba ya cikin harkar, misali malamin Hausa. A zauna a daidaita fassarorin biyu. Mutum na uku da bai taɓa ganin asalin takardar ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Sannan matakin da aka fi tsallakewa, alhali ya fi sauran amfani: a zauna da yara 20 zuwa 30, ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, 'yan birni da 'yan ƙauye, a karanta wa yaro tambaya a ce ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. A nan ake gano cewa yaron da ya ce yana cikin damuwa kuɗin jarrabawa yake nufi. A nan ake gano cewa bambancin "wasu kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin" ba ya shiga kunnen yaro, sai an jera masa tsakuwa 14 ya ware na kwanakin da abin ya same shi, ko a nuna masa zanen kofi huɗu, daga wanda babu komai zuwa cikakke. A lura kuma cewa PHQ-9 da GAD-7 kyauta ne, amma SDQ ba a fassara ta ko canza mata kalma sai da izinin masu ita.

Akwai matsalar da fassara ba ta magancewa. Uku daga cikin tambayoyin PHQ-9 a kan barci da cin abinci da gajiya suke. Yarinyar da ke makarantar kwana inda abinci bai isa ba, da yaron da zazzaɓin cizon sauro bai daɗe da sakinsa ba, da mai sikila, da mai tallan da ba ta dawowa gida sai bayan isha'i, duk za su tara maki ba tare da ciwon damuwa ba. Saboda haka ba a tattara bayanai a watan azumi ko makon jarrabawa, kuma dole a tambayi lafiyar jiki da yunwa a cikin takardar. A ɗaya ɓangaren, yaranmu da yawa ba sa cewa ransu a ɓace yake. Cewa suke kansu na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsu, ko idanunsu na dushewa da zarar sun buɗe littafi. Tun 1960 likita Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Nijeriya. Takardar da ba ta tambayi wannan ba za ta wuce yaron ta bar shi.

Bayan fassara sai gwajin inganci. Yaro ya amsa takardar, sannan likita ko ƙwararren masanin halayya da bai ga makin ba ya yi masa cikakkiyar hirar gano cuta, da tsari irin K-SADS ko MINI-KID, a kwatanta biyun, a ga ko maki 10 ne ya dace da yaranmu ko wani adadi daban. Ana buƙatar masu ciwon na gaske su yi yawa a cikin waɗanda aka gwada. Idan ɗaya cikin goma ne ke da shi, sai an ga yara 500 kafin a samu 50.

Ga dalilin da ya sa muka nace. A ɗauka, don misali kawai, cewa ma'auni yana kama 85 cikin 100 na masu ciwo, yana kuma wanke 85 cikin 100 na masu lafiya, kuma a makarantar yara 1,000 masu ciwon damuwa na gaske su 80 ne. Zai kama 68 daga cikin 80 ɗin. Daga cikin 920 masu lafiya kuma zai kama 138 bisa kuskure. Jimilla 206. Mai bincike zai rubuta cewa sama da kashi 20 cikin 100 na ɗalibai na da ciwon damuwa, jarida ta ɗauka, alhali kashi 8 ne, kuma biyu cikin ukun waɗanda aka kama lafiyarsu ƙalau. Wannan fa da ma'auni mai kyau ke nan. Takardar tantancewa alama take nunawa, ba ta yanke hukuncin cuta, kuma ya kamata editoci su riƙa tambayar wanne aka yi kafin su sa irin wannan adadi a kanun labari.

Sai lambar da kowane ɗalibi ya haddace, 384, wato adadin mutanen da ake cewa sun isa a yi bincike a kansu. Ta fito ne daga lissafin da ya ɗauka cewa za a zaɓi kowane yaro shi kaɗai ta hanyar ƙuri'a daga dukkan yaran jiha. Ba haka ake yi ba. Aji-aji ake ɗauka, kuma 'yan aji ɗaya suna kama da juna, tunda malami ɗaya ke dukansu, unguwa ɗaya suke kwana. Idan za a ɗauki yara 40 a kowane aji, kuma ma'aunin kamanceceniyar 'yan aji ya kai 0.05, sai a ninka 384 da 2.95, a samu kusan 1,130. A ƙara tanadin kashi 10 na waɗanda ba za su amsa ba, a tashi da wajen 1,260. Makarantun kuma daga jerin ma'aikatar ilimi ake zaɓo su da ƙuri'a, bayan an raba su gida-gida: ta maza da ta mata, ta kwana da ta jeka-ka-dawo, ta birni da ta karkara. Kada a bar shugaban makaranta ya turo "yara masu ƙoƙari". Wanda bai zo makaranta ranar ba a koma masa sau biyu, domin mai yawan fashi shi ne wanda aka fi zaton yana da matsalar.

Binciken rana ɗaya kuma ba ya nuna sanadi. In an ga masu yawan riƙe waya sun fi damuwa, ba a san ko wayar ce ta jawo ba, ko damuwar ce ta hana su barci suka koma waya. Amsar sai an bi yara ɗaya na shekara biyu ko uku, ana auna su duk wata shida. Mai irin wannan aiki ya karɓi lambar waya uku a kowane gida, ya rubuta sunan mai unguwa da kwatancen gidan, ya kuma sani cewa za a aurar da wasu su bar garin, wasu su tafi ci-rani. Kuma su ne bai kamata a bari su ɓace ba.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda ba sa cikin aji tun farko. UNICEF ta daɗe tana ba da adadin yara miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kusa kashi 29. Wanda ya tsaya a sakandare ya ce ya auna matasan Katsina ko Bauci, ya auna waɗanda suka fi gata ne kawai. Almajiri sau da yawa bai san shekarunsa ba, sai an kimanta da abin da ya faru lokacin da aka kawo shi ko izu nawa ya kai. Malaminsa ne waliyyinsa a wurin, amma inda hali ya yi a kira mahaifinsa ta waya. In za a ba da abinci a ba duk tsangayar, da wanda ya amsa da wanda ya ƙi, domin yaro mai jin yunwa ba zai ce a'a ga abin da ke tafe da kwanon shinkafa ba. Amarya 'yar shekara 16 kuwa a wurin awo ko ranar rigakafi ake samunta, mace ce za ta yi mata tambayoyin, a ɗaki mai ƙofa, ba uwar miji a zaune a gefe, kuma ma'aunin ciwon damuwa na EPDS mai tambaya goma shi aka gina don masu jego, ana kuma amfani da shi ga masu ciki. Akwai kuma yaran sansanonin gudun hijira, da ɗaliban da aka sace aka sako a Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Irin waɗannan ba a yi musu hira sau ɗaya a tayar musu da mikin a tafi. Wanda ba shi da kuɗi da ma'aikatan da za su bi su tsawon lokaci, ya bar su.

Maganar izini a Arewa tana da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abin da ya ciyar da ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma iyaye ba su manta ba. Don haka tsari ya zama a bayyane: amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista, takardar ma'aikatar ilimi, zama da ƙungiyar iyaye da malamai, sa hannun uba ko uwa a takarda da Hausa, da boko ko ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. Bayan duk wannan a tambayi yaron shi kansa, kuma ƙinsa ya isa. Sa hannun shugaban makaranta ba ya zama madadin na iyaye.

Tambaya ta tara a PHQ-9 ita ce ta tunanin mutuwa ko cutar da kai. Wasu suna cire ta don gudun rigima, wasu su bar ta su yi takardar ba suna, su ce sun kare sirri. Duka biyun kuskure ne. Binciken da Omigbodun da abokan aikinta suka buga a 2008 a kan matasa sama da 1,400 a Kudu maso Yamma ya samu fiye da ɗaya cikin biyar sun yi irin wannan tunani, don haka mai bincike ya san tabbas zai haɗu da su. Abin da ake yi shi ne a ba kowace takarda lamba, jerin sunaye da lambobin ya zauna a hannun shugaban bincike shi kaɗai, a duba tambaya ta tara kafin a bar harabar makarantar. Wanda ya amsa da e, ma'aikacin da aka horar ya gana da shi a ranar, a keɓe, ta yadda 'yan ajinsu ba za su gane dalili ba. A tambaye shi kai tsaye: tunani ne kawai, ko ya tsara yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa? Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, bincike ya daɗe da nuna haka. Mai tunani kawai a haɗa shi da mai ba da shawara a sake ganinsa cikin mako. Mai shiri ba a barinsa shi kaɗai: a kira babban da yaron ya amince da shi, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Kuɗin mota da na kati da na maganin watan farko su kasance cikin kasafin binciken, kuma a gaya wa yara tun kafin su fara cewa sirrinsu a rufe yake sai in rai na cikin haɗari. A tuna kuma cewa sashe na 231 na kundin Final Kod ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, abin da ke sa iyali su ɓoye. Sunan yaro ba ya fita zuwa ga 'yan sanda ko malamin ladabtarwa.

Haka batun shaye-shaye. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya samu kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata. Amma in malami na zagaye a ɗakin, ko an gayyato jami'in NDLEA ya buɗe taron, kowane yaro waliyyi ne. A fitar da malamai, a raba kujeru, a yi amfani da sunayen da yaran suka sani, tiramol, roci, sholisho, wiwi, a kuma saka sunan wata ƙwaya da babu ita a duniya. Wanda ya ce ya sha ta, an san yadda za a ɗauki sauran amsoshinsa.

Bayan auna matsalar, ɓangare na biyu na fannin, wato inganta lafiya, an fi yi masa gurguwar fahimta. Ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, a tara ɗalibai 800 a rana, a yi musu lacca, a ba su tambayoyi kafin da bayan laccar, a rubuta cewa wayar da kai ta yi tasiri. Abin da aka auna shi ne ko sun tuna abin da aka faɗa awa ɗaya da ta wuce. Yarjejeniyar Ottawa ta 1986, wadda ita ce tushen fannin, koyar da mutane ginshiƙi ɗaya ne kawai daga cikin ginshiƙanta biyar. Sauran sun shafi dokoki da manufofi, muhallin da mutum ke rayuwa a ciki, ƙarfin al'umma, da sake fasalin asibitoci. A makarantar kwana wannan na nufin bulala, da zaluncin siniyoyi, da banɗakin 'yan mata, da ko akwai babba ɗaya da yaro zai iya kai wa kuka. A matakin ƙasa, Siri Lanka ta rage kashe kai da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, galibi ta hanyar hana magungunan ƙwari mafi haɗari. NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni a 2019. Ɗalibin digiri na uku da zai bi rajistar sashen gaggawa na asibitoci biyar, shekaru kafin matakin da bayansa, ya kuma zaga kasuwanni ya ga ko ana bin dokar, ya yi aikin da ya fi lacca ɗari.

Gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe suna koyar da taka-tsantsan. A jihar Bihar ta Indiya, shirin SEHER ya gwada gyara yanayin makaranta gaba ɗaya a sakandare sama da 70. Inda aka ɗauki mutum na musamman daga gari aka horar da shi ya riƙe aikin, damuwa da cin zali sun ragu sosai. Inda aka ɗora wa malamin makarantar aikin a kan darussansa, ba a ga canji ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a makarantunmu mai ba da shawara, in ma akwai shi, yawanci an cika masa jadawali da darussa. A Birtaniya, gwajin MYRIAD da ya ƙunshi ɗalibai sama da 8,000 ya samu cewa darussan natsuwar zuciya ba su fi abin da aka saba koyarwa ba, bayan shekaru ana yabon su. A Kenya kuwa shirin Shamiri, zama huɗu na awa ɗaya-ɗaya wanda matasan da suka gama sakandare ke jagoranta, ya rage damuwa da fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin EASE na 'yan shekara 10 zuwa 15, zama bakwai da yara, uku da iyaye. Ko ɗaya daga cikinsu ba za a ce zai yi aiki a Funtuwa ko Azare ba sai an mayar da shi na gida an gwada. Gwajin kuma makarantu ake rabawa da ƙuri'a, kuma makaranta ɗaya a kowane ɓangare ba gwaji ba ne, ana buƙatar gommai. A yi wa gwajin rajista a PACTR, rajistar gwaje-gwajen lafiya ta Afirka, kafin a fara, a faɗi abin da za a auna, a auna shi bayan wata shida da shekara ɗaya, a riƙa sa ido kowane mako a ga ko masu koyarwar suna bin littafin ko sun koma wa'azi.

Kada mai bincike ya raina malaman ruƙiyya da masu maganin gargajiya, domin wurinsu ake fara zuwa, musamman idan 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makaranta aka ce iska ce. Gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Gidajen mari da aka fasa a Rigasa da Daura a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane da sasari, iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Me ya kai su, me suka gwada kafin nan, ina suka koma bayan an rufe? Amsar wannan sai da hira, gida-gida.

Game da kuɗi, a fara da ƙaramin tallafin TETFund da ake nema ta cikin jami'a a yi fassara da gwajin farko, sannan a nemi babban asusun bincike na ƙasa da sakamakon a hannu. Daga waje akwai CARTA da AMARI masu horar da 'yan Afirka a matakin digiri na uku, akwai Wellcome da Fogarty masu ba da tallafin binciken lafiya. Duk wanda zai haɗa gwiwa da jami'ar waje ya sa a rubuta tun farko wa zai riƙe bayanan, wa zai jagoranci wace maƙala, in ba haka ba zai ƙare a mai tattara bayanai da aka gode wa a ƙasan shafi. Bayanan yara a ajiye su daidai da Dokar Kare Bayanai ta 2023, a wayar da aka kulle, da manhaja irin KoboToolbox, ba a tura su ta WhatsApp ba. Jadawalin aiki ya bar sarari, tunda yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Mataimakan da ke sauraron labarin fyaɗe da kisa su ma a zauna da su kowane mako. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu a guje ta, a duba sunanta a PubMed ko Scopus ko DOAJ, kuma manyan mujallu da yawa suna rage ko yafe kuɗin bugawa ga wanda ya nema.

Gaskiyar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce tsarin ƙarin girma. Kusan duk shekara uku ake duba malami, kuma yawan maƙalu ake ƙirgawa. Wanda ya yi shekara biyu yana inganta ma'auni ɗaya zai fito da maƙala biyu, abokinsa da ya yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa ya fito da takwas ya riga shi zama babban lakcara. Matasan malamai ba wawaye ba ne, abin da ake saka wa lada shi za su yi. Muna kira ga kwamitocin ƙarin girma su ba ingantaccen ma'auni da gwajin da aka yi wa rajista nauyi na musamman, ko da sakamakonsa ya nuna shirin bai yi aiki ba. Kwamitocin ɗa'a su mayar da duk takardar neman izinin da ba ta faɗi sunan asibiti da ma'aikacin da za a tura yaro wurinsa ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri su haɗa kai su fitar da fassarar Hausa guda ta waɗannan ma'aunai, da boko da ajami da murya ga wanda ba ya karatu, su gwada ta har a Maraɗi da Damagaram, su ajiye ta inda kowa zai sauke kyauta, maimakon kowane ɗalibi ya yi tasa ya tafi da ita. Kuma kada a sa hannu a kan kundin ɗalibi sai ya nuna shaidar ya koma makarantar da ya yi aikin, ya bayyana wa iyaye da malamai abin da ya samu da Hausa a shafi ɗaya.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naka,
Wasu malaman jami'a masu bincike kan lafiyar al'umma da ta ƙwaƙwalwa,
Kano da Zariya.